Umarnin da Ya Sa Alƙali Magana

Kitti, Pohnpei
11 ga Fabrairu, 1996

'Yata Dorihna,

Ni da duk mutanen gida muna gaishe ki. Lafiya muke, in ban da gwiwar Nohno da ke tashi duk sanda ruwa ya sauka, kin kuwa san a nan kusan kullum ke nan. Kakar taki ta wuce tamanin, amma har gobe ita ke share kabarin mahaifiyarki da na Baba, ba ta yarda wani ya taɓa tsintsiyar. Man shafawar da kika aiko ya iso. Sau ɗaya ta shafa, ta ce warin asibiti yake yi, yanzu matata ke morarsa.

Kin tambayi doyata. Ba ta yi ba bana. 'Yar ƙwaya ɗaya ce nake lallaɓawa a bayan rafi, ita ma ban sa rai ba. Aladun kuwa duk sun rame, kunya ma nake ji a gan su.

Sai maganar shari'a, tunda ba kya rufe wasiƙa sai kin tambaya. Kina ƙarama aka tura ki makaranta Hawaii, kuma yanzu sunanki ne kotu ta sa a gurbin na mahaifiyarki, don haka bari in tuna miki tushenta. Takardar filin ta zamanin Jamusawa ce, babban ɗa ke gadonta, shi ya sa ta faɗa hannun wan Nohno. Amma mahaifinsu ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane, cewa gefen rafi na Nohno ne. Mutanen da suka ji duk sun riga mu. Wan nata bai taɓa ce mata uffan ba har ya mutu. Ɗansa Kalistus ne ya kai ƙara, bayan an ba shi kason alade da ya raina a wajen makokin uban nasa. Aka saurari shaidu, aka rufe, Alƙali Wainer ya ce zai sanar da ranar hukunci.

Shekara takwas ke nan bai sanar ba. Shi shiru, mu shiru, Kalistus ma shiru. Ranar Lahadi ma shi ya kawo wa Nohno ƙaguwa bayan coci. Muna nan dai zaune yadda kika bar mu. Haka Allah ya so da mu.

Kawunki,
Ensler

Honolulu
9 ga Maris, 1996

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Nohno da Inna matarka da yara. Ina lafiya, aiki ne dai a ofishin lauyoyi da rana, darasi da yamma. Ka ce wa Nohno man nan ba turare ba ne, ta daure ta shafa.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, raina ya ɓaci. Shekara takwas tsohuwa tana zaune ba ta san matsayinta ba, kai kuma kana cewa haka Allah ya so. Kawu, ba Allah ba ne, alƙali ne, kuma akwai maganinsa.

Ana kiransa mandamus. Umarni ne da kotun ɗaukaka ƙara ke ba alƙalin da ke ƙasa da ita, cewa ya yi aikin da doka ta ɗora masa. Ba a samunsa da sauƙi, don kotunan sama ba sa son sa baki a shari'ar da ba ta ƙare ba. Sai ka nuna cewa aikin wajibi ne a kansa, ba abin da aka bar wa ra'ayinsa ba. Sai ka nuna haƙƙinka a fili yake, ba wanda za a tsaya ja-in-ja a kai ba. Sannan ka nuna ba ka da wata hanya. Mu kuwa ina hanyar? Ba a ɗaukaka ƙara sai an yi hukunci, shi kuma ya ƙi yi. Ko duk ka cika waɗannan, kotun na iya cewa ba ta ga dacewa ba. Amma shekara takwas ba wasa ba ce.

Abu ɗaya ne umarnin ba ya yi: ba ya gaya wa alƙali wa zai ba gaskiya. Cewa kawai zai yi, yanke. Uwar ɗakina Lauya Nakamoto ta tsaya a kan wannan. Ta cire tabarau ta ce da ni, "Kafin ki matsa wa mutum ya yi magana, ki tabbata kina son jin abin da zai faɗa." Na ce mata matar da ta shekara tamanin a wuri, ta binne miji da 'ya a ciki, wace kotu ce za ta tashe ta?

Na sami wani lauya a Kolonia, babban garinmu, Mista Brandt. Tunda sunana na cikin shari'ar, ba sai Nohno ta sa hannu ba. Ka bar min wannan, kai ka ji da aladunka. In yunwa ce ke damunsu ka gaya min.

'Yarka,
Dorihna

Kitti
20 ga Afrilu, 1996

'Yata,

Saƙonki ya same mu lafiya. Gwiwar ta yi sauƙi, ta koma kafaɗa. Aladu ba sa bukatar komai, na gode.

Na karanta wa Nohno bayaninki a rumfa, a hankali, har da sunan abin, wanda na yi ta tuntuɓe a kansa. Tana ɓare gwaza tana saurare. Da na gama ta ce, "Shi Wainer wani abu ya yi mata?"

Na ce, "Bai yi mata komai ba. Rashin yin ne laifin."

Ta ce, "To. A can inda take, haka ake kai mutum ƙara don ya yi shiru?"

Matata ta ce, "Da haka ne da tuni na kai Ensler."

Aka yi dariya, magana ta wuce.

Lallai karatu ya zauna miki, mahaifiyarki da ta gani da ta ji daɗi. Sai dai kada ki wahalar da kanki a kan wannan. Kina da aiki, kina da darasi, ga tsadar gari. Mu nan mun saba. Alƙali Wainer dattijo ne, ya san mu, ya san Kalistus, ya san rafin. Ba sai an dame shi ba. Ki dai yi tunani.

Ruwa ya cinye gadar katako ta wajen coci, yanzu sai an zagaya.

Kawunki,
Ensler

Honolulu
14 ga Yuli, 1996

Kawu,

Ina fatan kafaɗar Nohno ta saki. Ka yi haƙuri da jinkirina, jira nake in sami labari tukuna.

Ka ce kada in wahalar da kaina. Haka ka ce lokacin da zan aiko da kwanon rufi, da ya iso kuma ka rufa ɗaki da shi. Na san kara ce irin taku, ba na jin ta.

Mista Brandt ya shigar da roƙon a watan Mayu, kotun sama ta ƙi. Kada ka karaya, ba cewa suka yi ba mu da gaskiya ba. Cewa suka yi ba mu nuna mun rasa wata hanya ba, domin a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa rubuta wa alƙalin yana roƙon ya yanke hukunci. Ba mu ba, ba Kalistus ba. Shekara takwas, ko layi ɗaya babu. Lauya Nakamoto ta ce ba ta taɓa ganin shari'ar da duka ɓangarorin biyu suka manta da ita a tare ba.

Kotun ta ce ba a tsallake mutum a kai ƙararsa sama ba a fara tambayarsa ba, kuma na ga gaskiyarsu. Don haka mun rubuta wa Alƙali Wainer cikin ladabi muna roƙon ya sa rana. In 'yan watanni sun wuce bai amsa ba, mu koma sama, wannan karon da hujja a hannu.

Na san ba kwa son a ce gidanmu ya kai dattijo ƙara. A takarda kawai sunansa yake, ba zagi ba ne. Ni dai so nake Nohno ta kwanta da sanin cewa wurin nan nata ne, kuma a gefen Mama za a sa ta.

'Yarka,
Dorihna

Kitti
8 ga Satumba, 1996

Dorihna,

Muna lafiya. Wannan ba ta gidan waya zan aiko ba, don ma'aikacin wurin surukin Kalistus ne, kuma ambulan ɗinmu ba su da kauri. Zan manna ta a murfin kular kifin da Permihna, matar mai wa'azinmu, za ta kawo miki, tunda za ta zo wajen 'yarta da ke jiran haihuwa. In kin karanta ki ƙone.

Zan yi miki magana irin ta Hawaii, tunda tamu ta fara kuɓuce miki. Ki janye. Ki gaya wa Baturen nan ya tsaya.

Ba mu da shari'a, 'yata. Kalistus takarda gare shi, mu maganar matattu gare mu. Ranar da Wainer ya buɗe baki, Kalistus zai ba filin, don ba shi da hujjar ba mu. Ya sani, mun sani, Kalistus ya sani. Shi Kalistus cikin fushi ya kai ƙarar, fushin ya huce tun kafin a gama sauraron shaidu. Amma namiji ba ya zuwa kotu ya ce na janye, kamar wanda aka tsorata. Kuma ba zai so a ce shi ne ya kori gwaggonsa ba. Shirun alƙalin ne ya rufa wa kowa asiri. Nohno na zaune a filin ubanta, Kalistus bai sha kaye ba, shi kuma dattijo yana jiran abin da kowa ke jira, wanda ba a faɗa. In an sa ta a gefen Baba da mahaifiyarki, sai ya yanke, Kalistus ya karɓi filinsa da kaburbura uku da ba zai taɓa ba.

Ba mantawa muka yi ba. Da na rubuta miki cewa shekara takwas shiru, albishir nake miki. Kin taɓa jin mutumin garin nan ya ce doyarsa ta yi? Ko kunkuru bakwai ya kama cewa zai yi teku ba ta ba da komai ba. Abin da kake so ya daɗe ba ka yabonsa da baki. Da na ce ki yi tunani kuwa, a bakin kawu wannan hani ne, ba shawara ba.

Irin wannan ba a rubuta ta, don in ta fita dattijon ne zai kwana ciki. Kin sa na rubuta. Ba sai kin amsa ba, in na ji shiru na san kin ji.

Kawunki,
Ensler

Honolulu
16 ga Disamba, 1996

Kawu,

Lafiya kuwa? Tun Afrilu rabona da wasiƙarka. Kwanakin baya na tarar an kira ni sau biyu, na'urar ɗaukar saƙo ta ɗauki numfashin mutum da ƙarar ruwan sama, aka ajiye. In kai ne, ka yi magana mana, ba ta cizo. Na so in rubuto tun tuni, sai na ce bari in haɗa da labari mai daɗi.

Mun samu. Alƙalin bai amsa roƙonmu ba, muka koma sama a watan Nuwamba, wannan karon suka yarda. Hukuncin nasu gajere ne. Sun ce yanke shari'ar da aka gama sauraro wajibi ne, ba zaɓi ba. Sun ce haƙƙinmu na a ba mu amsa a fili yake, kuma mun tambaya ba a kula mu ba, ba mu da sauran hanya. Sun ba shi kwana sittin. A ƙarshe suka ƙara cewa ba su ce komai ba game da wanda ke da gaskiya a filin, wannan nasa ne.

Mista Brandt ya ce an daɗe ba a ba da irin wannan umarni ba. A ofis har kek aka yanka min. Lauya Nakamoto ta taya ni murna, sannan ta tambaye ni me mutanen gida suka ce. Na ce ai su sai an yi wata shida kafin a ji bakinsu.

Ka gaya wa Nohno kafin Ista za ta ji. Ina gaida kowa da Kirsimeti.

'Yarka,
Dorihna

Honolulu
5 ga Janairu, 1997

Kawu,

Permihna ta iso jiya. Da jirginsu ya tsaya a tsibirin Kwajalein ta sami labarin ƙanwarta da ke Ebeye, nan kusa, ba lafiya, ta sauka, ta yi jinya har aka binne. Kifin can aka cinye shi. Kular ta kawo min wankakkiya, ta ce ta ga takarda a murfin, ta ɗauka gaisuwa ce.

Na karanta. Na kira Mista Brandt tun kafin ya buɗe ofis. Ya ce umarni ya riga ya fita, ba namu ba ne kuma, na kotu ne, alƙalin ba shi da ikon ƙin bi ko da mu muka roƙe shi. Hanya ɗaya ce, Kalistus ya janye ƙararsa kafin ranar. Don Allah ka je masa. Ka tafi da sakau, saiwar nan da ake dakawa a sha wajen neman gafara, ka ce ni ce, ka ce yarinya ce ba ta san komai ba. Duk abin da ake yi a yi.

Me ya sa ba ka faɗa min a fili tun farko ba? Na sake karanta wasiƙunka na baya yanzu, na ga ka faɗa. Tsoro nake ji, Kawu.

Na ƙone ta.

Dorihna

Kitti
27 ga Afrilu, 1997

'Yata Dorihna,

Muna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, hidima ce ta yi yawa. Ni ne na kira ki daga Kolonia, ranar da na ji kun koma sama. Ban iya zuba wa akwati maganar gida ba. Na je wa Baturenki ma, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce ke ce mai shari'ar, ba ni ba.

Na kai wa Kalistus sakau kamar yadda kika ce. Aka daka a kan dutse, aka miƙa masa kofin farko, ya karɓa ya sha, wato ya yafe miki, wannan ya wuce. Amma janyewa ya ce ba zai iya ba. Ya ce, "Ensler, da watanni shida da suka wuce ne, da wataƙila. Yanzu har rediyo ya faɗa. In na janye, cewa za a yi 'yar Hawaii ta kora ni da takarda. 'Ya'yana maza huɗu ne, a nan za su zauna." Ban ga laifinsa ba.

Wainer ya yanke ana saura kwana ɗaya wa'adinsa ya cika. Ya ba Kalistus filin, kamar yadda na gaya miki. Bai ɗago kai ba har ya gama karantawa. Na gamu da shi bayan nan a kasuwar kifi, ya tambaye ni gwiwar Nohno, na ce da sauƙi. Ya ce, "Na yi iya jinkirina." Ya sayi kifinsa ya tafi. Baturenki ya ce yanzu hanyar ɗaukaka ƙara ta buɗe. Na tambaye shi da me za mu ɗaukaka, ya yi shiru. Ashe shi ma ya iya.

Washegari Kalistus ya zo da nasa sakau, da matarsa da 'ya'yansa. Ya durƙusa a bakin rumfa ya ce, "Nohno, ba abin da ya canza. Ki zauna har iya ranki. In lokaci ya yi, a gefen mijinki za a sa ki, ni na ba da izini."

Ta dube shi ta ce, "Izini."

Ya ce, "Ba haka nake nufi ba."

Ta ce, "Na san abin da kake nufi, ɗan wana, kuma na gode. Jiya a filin ubana nake. Yau a naka nake. Ni ba a taɓa ba ni aron wurin kwana ba, ba kuma zan fara da kabari ba."

Ba ta karɓi kofin ba. Ya daɗe riƙe da shi, har matarsa ta fara kuka. Mun lallashe ta, mai wa'azi ma ya lallashe ta, ba ta sake magana a kai ba. Mun tashi makon da ya wuce. Muna filin dangin matata, can sama da hanya, inda ba a jin rafi. Ta zaɓi wurinta a bayan coci. Tsintsiyar ta bar wa matar Kalistus, ta nuna mata inda ciyawa ke fara fitowa a kan na mahaifiyarki.

Ba ta fushi da ke. Na tambaye ta me zan rubuta miki, ta ce in ce ki riƙa cin abinci, kuma in kin zo ganin uwarki ki fara tsayawa a gidan Kalistus ki yi sallama, don yanzu haka ake shiga. Ni kam na yi fushi, kwana biyu. Daga baya na ga wasiƙar da ke bukatar fassara ba a aika wa yaron da ya daɗe a waje. Kin nemi a ba kakarki amsa, an kuma ba ta. Kada ki bar darasinki.

Kafin mu tashi sai da na haƙe doyar nan ta bayan rafi, tunda ba a barin shuka a filin wani. Ajiye ta nake don ranar Nohno, ko ranar da za ki dawo, duk wadda ta riga. Maza takwas suka ɗauko ta a kan sanda, biyu daga ciki 'ya'yan Kalistus ne. Ba biki, ba makoki, haka muka raba wa unguwa.

Na sa miki yanki dafaffe a kula, wannan karon a hannun wanda ba shi da dangi a hanya. Ba ta yi wani daɗi ba.

Kawunki,
Ensler